Faya-fayan cikin adaka: Desai ko Chopra, kuma ina namu suka shiga?

Baban Ummi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan la'asar na jawo adakar da nake ajiye faya-fayaina daga ƙarƙashin gado, don na ga hunturu ya fara leƙowa, ina so in kakkaɓe su. Ina zaune a tabarma ina jerawa har aka kira magariba ban gama ba. Na Indiya sun fi yawa, sai na Cainis, sai na kaboyi, na Hausa kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Sholay ɗina. VCD ne mai faifai uku, na saye shi a Sabon Gari tun Ummi tana goye, yau ga ta da 'ya'ya biyu. Faifai na biyu ya fara wani ja-ja daga gefe kamar an ɗiga masa shayi, in ka ɗaga shi a rana kana hango 'yan ƙananan huji. Na saka a na'ura, yana kaiwa tsakiya sai hoton ya farfashe ya tsaya cak. Wallahi abin ya taɓa ni. Akwai gyara kuwa?

Na biyu, da na gama jerawa sai na ga babu daraktan da na tara fina-finansa kamar Manmohan Desai. Ni a wurina Indiya ba ta yi wanda ya san zuciyar talaka kamarsa ba. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Tsohon Mai Shago, PZ:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Na shekara fiye da goma ina sayar da faifai, don haka bari in gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Karce daban, ruɓewa daban. Abin da ka gani ruɓewa ne. Faifai roba ce aka shimfiɗa mata wani siririn alminiyam, aka rufe da fenti. Da zarar iska da laima sun sami ƙofa sai su fara cin alminiyam ɗin, wurin da suka ci kuwa ya tafi ke nan. Man goge baki da ake cewa a shafa, ƙaramin karce kawai yake ragewa a ƙasan faifai.

Wani abu da mutane ba su sani ba, a VCD bayanan sun fi kusa da saman faifan, wajen da aka buga hoto. Sai ka ga mutum yana ta lallaɓa ƙasan, yana kifa saman a kan siminti. DVD ya fi juriya saboda nasa bayanan a tsakiyar roba biyu suke. Na ɗaya da na uku da suka rage maka, ka kwafe su a kwamfuta tun yau. In za ka goge, da tsumma mai laushi, daga rami ka ja zuwa baki, kada ka zagaya. Kuma ka fitar da su daga adakar ƙarfe in ɗakinka rufin kwano ne, zafin watan Maris da Afrilu yana lanƙwasa su. A tsaye ake jera su kamar littattafai.

Kawu na Sabon Gari:
Baban Ummi ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tayar da wannan magana. Amma Desai ɗin naka yaro ne a gaban Mehboob Khan. Mu da muka kalli fim a silima mara rufi, sai duhu ya yi ake kunna majigi, in hadari ya taso kowa ya yi ta kansa, mun san abin da Mother India ya yi wa mutane. Fim ne na 1957, amma an yi shekaru ana maimaita shi ana cika wuri. Na ga ƙarti majiya ƙarfi, 'yan dako da 'yan tasha, suna share hawaye da hula. Don me? Don abin da ke ciki namu ne. Ga gona, ga shanun huɗa, ga mai ba da bashi da ruwa yana cinye amfanin shekara tun yana tsaye, ga uwa ta ɗaura garma a kafaɗa tana ja da kanta. Wane manomi ne daga nan har Giwa bai san wannan ba? Ba ma jin Indiyanci, babu fassara, amma ba wanda ya fita bai gane ba.

Kuma shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin masu takarar Oscar. A wajen ɗaukarsa ne gobara ta ritsa da Nargis, wadda ta fito a uwar, jarumi Sunil Dutt ya shiga ya fito da ita, daga baya suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda ku yaran baya kuke kira Ɗan daba mai lasin.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ba na ja da Mother India, yana cikin adakar ma. Amma fim ɗaya ne. Desai a shekarar 1977 kaɗai ya saki huɗu: Amar Akbar Anthony, Dharam Veer, Parvarish da Chacha Bhatija, kuma duk sun yi kasuwa. Mutum ya wuni yana tura baro, ya biya kuɗin shiga, Desai zai ba shi faɗa, ya ba shi dariya, ya ba shi waƙa, ya raba uwa da 'ya'yanta ya sake haɗa su kafin a tashi. Ya koma gida ransa fari. Ku tuna Coolie na 1983, Amitabh ya fito a Iqbal ɗan dakon tashar jirgin ƙasa, Musulmi, da lamba 786 a dantse da shahonsa. A wajen ɗaukar fim ɗin ya ji mummunan rauni a ciki har aka fitar da rai. Da ya warke, Desai ya tsayar da hoton a daidai wurin da abin ya faru, aka rubuta a jiki don masu kallo su sani, ya kuma sauya ƙarshen labarin don kada jarumin ya mutu. Mutumin da ya san masu kallonsa ke nan.

Maman Sadiq, Gyallesu:
Salamu alaikum. Kawu ina gaisuwa. Na ga duk maganar ta maza ce, ta silima. Mu ba a barin mu zuwa silima, yarinyar da aka gani a ƙofarta ma ta shiga bakin duniya. Fim ɗin Indiya ta talabijin ya same mu, sai kuma kaset ɗin haya da ƙannenmu ke karɓo mana, a taru a ɗakin amarya a rufe labule. Kuma in za a faɗi gaskiya, a ɗakunan nan Yash Chopra ne sarki.

Baban Ummi, Desai yana raba iyali ne don ya haɗa su, tun farko ka san ƙarshe. Chopra kuwa in ya raba, ciwon yana nan. Dubi Deewaar, 1975, wa da ƙani, ɗaya ɗan sanda ɗaya mai fasa-ƙwauri, uwa a tsakiya dole ta zaɓa. Mutumin da ya yi wannan shi ne ya dawo shekara ɗaya bayan nan ya yi Kabhi Kabhie, ba faɗa ba hayaniya, sai labarin wanda aka aurar da masoyiyarsa ga wani, kowa ya haƙura ya rayu da abin a ransa. Mata nawa ne a garin nan suka kalli wannan suka yi shiru saboda labarinsu ne? Chopra ya fara tun zamanin baƙi da fari, bai ajiye ba sai 2012 da ya rasu. Ina da DVD na Chandni da Veer-Zaara na asali, yayana ya kawo min daga tafiya, ba na ba da aronsu ko ga wa.

Ɗan Wusasa:
Anti ki ƙara da Dilwale Dulhania Le Jayenge, ai shi ne babban aikinsa.

Maman Sadiq, Gyallesu:
A'a ƙanina, wannan ɗansa Aditya ne ya ba da umarni, a 1995. Uban shi ne furodusa. Mutane da yawa suna haɗa su.

Ɗalibi, Samaru:
Iyayena ku yi min afuwa, zan faɗi abin da ba zai yi daɗi ba. A Amar Akbar Anthony akwai wurin da 'ya'ya uku suke kwance ana ɗibar jininsu lokaci ɗaya, yana haɗuwa a kwalba ɗaya yana shiga jikin uwarsu kai tsaye. Wane asibiti ake haka? Desai bai damu da hankalin mai kallo ba. Shi kansa Sholay da ake ta kuka a kansa, Ramesh Sippy aro ya yi. Ƙauye ya ɗauko mayaƙa su kare shi daga 'yan fashi, wannan Akira Kurosawa na Japan ya yi shi tun 1954 a Seven Samurai, Amurkawa suka juya shi zuwa kaboyi a 1960. Kisan iyalin Thakur, wanda ya ɗauko mayaƙan a Sholay, kuwa duk wanda ya ga Once Upon a Time in the West na Sergio Leone zai gane inda aka samo. In ana maganar darakta a Indiya, Satyajit Ray ne, wanda ya yi Pather Panchali a 1955 da 'yan kuɗi kaɗan da mutanen da yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba.

Sannan tambaya tsakani da Allah: me ya sa ake wahala da faifai? Duk waɗannan suna intanet, ko ka je wajen masu turi su cika maka memori da kuɗi kaɗan.

Kawu na Sabon Gari:
Yaro, ka yi karatu, kuma na ji daɗi. Amma aro ba laifi ba ne in ka iya ɗinki. Leone ɗin da ka ambata, fim ɗinsa na farko da Clint Eastwood a 1964 ai daga Yojimbo na Kurosawa ya kwashe shi, har sai da maganar ta kai ga shari'a. Kowa a bayan wani ya koyi tafiya. Ka nuna min Gabbar, bos ɗin Sholay, a fim ɗin Japan. Amjad Khan ya yi bos ɗin da har yau in an ce bos shi ake tunawa, ga Dharmendra Sarkin Ƙarfi a gefe. Wannan ba a aro shi ba.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Maganar jini kuwa, ɗana, ba darasin asibiti Desai yake koyarwa ba. Ɗaya ya tashi a hannun Hindu, ɗaya a hannun Musulmi, ɗaya a coci, ba su san juna ba, ba su san matar ba, ga jininsu ya haɗu yana komawa inda ya fito. Mu da muke zaune a Zariya, Tudun Wada da Sabon Gari da Wusasa, muka ga abin da rikici ya yi wa maƙwabta, ba sai an fassara mana wannan hoton ba. Ray ɗinka na nema na kalla, na ga gwaninta, ban musa ba. Amma sau ɗaya na kalla. Amar Akbar Anthony kuwa ban san adadi ba.

Tsohon Mai Shago, PZ:
Bari in amsa masa ta faifai. Abin da masu turi ke ba ka an matse shi har fuska ta zama kamar an shafa mata toka, an yanke waƙoƙi don ya shiga waya, sau da yawa kuma an ɗora fassarar Hausa a kan muryar asali. Ban raina masu fassara ba, sun buɗe wa mutane da yawa ƙofa, amma wani yakan ƙara barkwancin da babu shi a fim ɗin, kuma muryar Amitabh ba ta da madadi. Na intanet kuma yau yana nan, gobe an sauke. Faifan da ke hannunka ba ya neman data, ba mai goge maka shi daga nesa.

Sai dai faifai ma suna suka tara. VCD ba ya wuce minti 80, shi ya sa fim ɗin Indiya ke zuwa biyu ko uku. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gig 4.7, an yi shi ne don fim ɗaya. Waɗancan na fim ashirin a faifai ɗaya da suka cika kasuwa a baya, su suka lalata idon mutane, suka kashe na asali. Mai son tarawa ya nemi bugun kamfani irin Shemaroo ko Eros, ya juya ƙasan ya gani: na kamfani fari ne kamar azurfa, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda mai duhu, kuma shi ya fi saurin mutuwa. A kula da lambar yanki ma. A DVD mu da Indiya duk yanki na 5 ne, Amurka 1, Turai 2. A Blu-ray kuwa an raba mu, muna B tare da Turai, Indiya tana C. Yawancin ƙananan na'urorin Caina da ke kasuwarmu suna karanta DVD na ko'ina, amma na Blu-ray ba haka suke ba.

Ɗan Wusasa:
Ni dai an bar ni a baya da Cainis ɗina. Lau Kar-leung da ya yi The 36th Chamber of Shaolin a 1978, shi kansa gwanin kung fu ne, shi ya sa yake ja da kyamara baya ka ga jiki gaba ɗaya, ba yanke-yanke. Kuma Bruce Lee da kansa ya ba da umarnin Way of the Dragon. A sa su a lissafi.

Malam, Kongo:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai sunan da ban ji ba, Moustapha Akkad, ɗan Siriya. The Message, 1976, sau biyu ya ɗauke shi a lokaci guda, na Turanci da Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza, na Larabci da wasu 'yan wasan daban, kuma bai nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, bai sa muryarsa ba. Ya dawo ya yi na Umar Mukhtar, wanda Italiya ta hana nunawa shekara da shekaru. Harin bam a wani otal a Amman ne ya yi ajalinsa a 2005. Gidaje nawa ne a Zariya ba su taɓa kunna waɗannan biyun da azumi ba?

Amma abin da ya fi damuna yana cikin saƙon farko. Baban Ummi ya ce na Hausa a adakarsa ba su taka kara sun karya ba. Sholay ɗinka in ya ruɓe, Indiyawa suna da shi, sun gyara, sun adana. Fina-finan Ray ma, gobara ta cinye wani ɓangare na asalinsu a London a 1993, aka bi abin da ya saura aka farfaɗo da su. Mu fa? Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga gasar rubutu ta 1933 ya fito, wadda Bature Rupert East ya shirya daga nan Zariya. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Aka yi shekaru ana cewa ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus ta taimaka aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Mutanen Jamus sun zauna sun kalli Shaihu Umar da Hausa. A wannan zauren mutum nawa ne suka gan shi? Wa yake da Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa? Wa yake da Kulɓa Na Ɓarna? Wa yake da Turmin Danya, na 1990, wanda daga shi ake fara lissafin fim ɗin Hausa na bidiyo?

Tsohon Mai Shago, PZ:
Malam ka taɓo inda yake min ciwo. Ranar da na rufe shago, buhu biyu na faya-fayan Hausa suka rage, ba mai saye. Wani manomin shinkafa ya zo ya kwashe su a kuɗin da bai kai na buhun ba, ya ce zai rataye a gona su riƙa walƙiya suna korar tsuntsaye. Na bi ta hanyar daga baya na gan su a jikin igiya suna juyawa a iska, hotunan 'yan wasa rana ta cinye su. Kaset-kaset ɗin kuwa yara suka zare zaren suna wasa da shi a layi. A lokacin ban ɗauke su a bakin komai ba, haya ce a kaina. Yau da zan same su da ban bari ko ɗaya ya fita ba, don na san akwai waɗanda masu su ma ba su da kwafi.

Ɗalibi, Samaru:
Malam, na shiga na bincika yanzu. Na Kurosawa da na Ray duk na same su cikin minti kaɗan, tas da su. Tsofaffin namu kuwa sai guntu-guntu, wani ba farko, wani murya ta riga hoto. Na janye tambayata ta faifai. Ta Desai dai ina nan a kan bakana.

Maman Sadiq, Gyallesu:
To ni ina da kaset. A cikin kayan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, akwai kwali guda da ban taɓa buɗewa ba sai yanzu da Malam ya yi magana. Ga Sangaya, ga Wasila ɗaya da biyu, da wasu da rubutun jikinsu ya goge. Ita ce take aiken mu karɓo su, in an kawo wuta a kira maƙwabta. Sangaya na Aminu Muhammad Sabo ne, 1999, Wasila kuma Ishaq Sidi Ishaq. In ana muhawarar daraktoci a sa su, da marigayi Tijjani Ibrahim, don da ƙaramar kyamara da rancen kuɗi suka sa Arewa gaba ɗaya ta zauna gaban talabijin. Sai dai na leƙa ta 'yar tagar kaset ɗin na ga wani fari-fari a jikin zaren kamar gari. Ban sani ba ko sun mutu.

Kawu na Sabon Gari:
'Yata, funfuna ce, laimar damina ta jawo ta. Kada ki kuskura ki saka a bidiyo haka, za ta toshe kan na'urar ta kuma yaga zaren. Kada ki shanya a rana. Ki ware masu funfunar daga masu lafiya, ki ajiye a inuwa wuri mai iska. Aikina ne gyaran rediyo da bidiyo kafin ido ya raunana. Ana buɗe kaset a bi zaren a hankali da tsumma mara gashi, ana juyawa da hannu, yana cin lokaci amma da yawa suna tashi. Ina da bidiyo Panasonic guda da har yanzu yake aiki, bel kawai na sauya masa.

Malam, Kongo:
Alhamdu lillahi. Akwai 'yar na'ura da ake haɗa bidiyo da kwamfuta a ɗauke abin da ke kaset, zan nemo aro. Sharaɗi ɗaya: adanawa za mu yi, ba sayarwa ba, ba kuma watsawa ba. Satar fasaha ce ta durƙusar da masu wannan sana'a, kada mu ƙara musu. In mun sami mai fim ko magadansa, mu miƙa musu kwafi su yi yadda suka ga dama.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Na koma adakar. Na Hausa goma sha ɗaya na samu, uku babu kwali. Zan zo da su, da Sholay ɗin ma ko mai shago zai duba min na ɗaya da na uku. Kawu, Asabar bayan la'asar ta yi maka? Ɗalibi kai ma ka zo da kwamfutarka, in an gama aiki zan saka maka Dharam Veer ka kalla a gabana, sannan mu ci gaba.

Kawu na Sabon Gari:
Ta yi, in Allah ya kai mu. Maman Sadiq ki aiko Sadiq da kwalin, kada ya ɗaure shi a bayan mashin rana ta dake shi, ya riƙe a gaba. Wani ya taho da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, tawa ɓera ya ci. Man janareto kuma a haɗa hannu, don layinmu ba a cika samun wuta da yamma ba.